Yadda Gaisuwa Ta Cinye Kiɗan Ƙetara

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta kiɗa, kuma a cikin huɗun ni kaɗai ke ɗaura agogo. Ba yabon kai nake yi ba, ina faɗin inda wahalata ta samo asali ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai goge, shi ne kuma uban tafiya. Babban ɗansa, taubashina, shi ke waƙa. Mai molonmu masunci ne daga cikin Dandawa, mutumin da za ka yini da shi bai yi maka magana goma ba. Ni ƙwarya nake bugawa, da safe kuma ina koyar da yara a makaranta, shi ya sa har Kawu mushe yake ce mini, wato malam a bakin masu Faransanci, idan yana so ya tsokane ni.

A shekarun da nake magana, kiɗa irin namu ya fara ja da baya a Malanville. Masu biki sun gano cewa saurayi ɗaya da piyano da manyan amsa-kuwwa zai cika unguwa da ƙara, ba ya neman tabarma, ba ya neman a dafa masa shayi. Mu sai tsofaffin gidaje ke kira: sunan jikan wani mai albasa a Guéné, auren masunta a Madécali, wani lokaci mu haye gada zuwa Gaya. Akwai irinmu nan da can, masu gurmi a Karimama, masu kalangu a Gaya. Duk mun san juna, muna cin abinci a kwano ɗaya idan mun haɗu, da an rabu kuma kowa ya ce ɗan'uwansa bai iya ba.

Abin da muke da shi wanda babu mai irinsa a yankin shi ne kiɗan ƙetara. Ba shi da waƙa, goge ne zalla, molo da ƙwarya suna bin sa a ƙasa. Kawu ya ce tun kafin a yi gada maigidansa ke yin sa a bakin ruwa idan manyan jirage za su haye da kaya, don matuƙa su ji ƙarfi, waɗanda ke ciki kuma su manta da tsoro. Yana da tsawo, yakan kai minti ashirin, na auna da kaina. Kawu bai koya wa kowa shi ba, don a wajensa shi ne darasin ƙarshe, kuma duk waɗanda suka zo koyon goge sun gudu tun ba su kai rabi ba, wannan ya koma kabu-kabu, wancan ya koma dako a duwan, wato wajen 'yan kwastan. Ɗansa kuwa tun yana ƙarami ya ce izgar doki tana sa shi atishawa. A shekara bai fi sau ɗaya ko biyu ake kaɗa shi ba, sai masunta sun yi taronsu.

Sai hannun Kawu na hagu ya fara ba shi wahala. Yatsun da ke danna tsirkiya suna ƙagewa, har sai ya tsoma su a ruwan ɗumi kafin ya ɗauki goge. Da na ga haka hankalina ya tashi, don na san ranar da hannun nan ya daina aiki, kiɗan ƙetara ya ƙare ke nan. Na same shi a ɗakinsa da wayata.

"Kawu, ku kaɗa shi sau guda nan cikin ɗaki, in ɗauka cikin tarho."

"In kaɗa ma wa?"

"Ma tarho."

"Shi tarhon kunne gare shi? Ni ban kiɗi ma bango, mushe. Kawo mutane, ka ji goge."

Na yi lallashi, na yi fushi, na turo mahaifiyata ta yi masa magana, ko a jikinsa. Na gwada ɗauka a wani taron masunta, na ajiye wayar kusa da ƙafata. Da na saurara daga baya, babu abin da ya fito sai ƙwaryata, da guɗar mata, da kukan wata akuya.

Ana cikin haka wani mutumin kudu ya iso garin da na'urori cikin akwatuna. Yana zagaya garuruwan arewa ne yana ɗaukar kiɗan gargajiya. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Dandanci, sai Faransanci, shi ya sa aka haɗa shi da ni. Ya ce yini ɗaya zai yi, ƙungiya huɗu zai ɗauka, kowace rabin awa, kuma dole ya kai Kandi kafin duhu. Na nemi izini aka ba mu filin makarantarmu ranar Laraba da yamma, tunda ba a karatu. Mu aka sa a ƙarshe, bayan la'asar. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ga makirfo na gaske, ga mai aikin da ya san aikinsa, saura mutanen da Kawu ya ce a kawo.

A nan na yi wautar da har yau idan na tuna nake jin kamar in mari kaina. Shekara ashirin ina zaune bayan taubashina da ƙwarya, na san halinsa, na san kuma halin sana'ar. Mawaƙi a wajenmu ba ya ganin wanda ya sani ya shigo fili ya ƙyale shi. Sai ya gaishe shi cikin waƙa, ya kira sunansa da na ubansa, ya faɗi garin da kakansa ya taso da sana'ar gidansu. Idan ya tsallake mutum ɗaya, wannan cin mutunci ne, za a shekara ana maganar, gidan kuma ba za su sake kiranku suna ba. Duk na san wannan. Amma da na tashi gayyata, waɗanda na sani kuma taubashina ya sani su na gayyato.

Mutum ashirin na yi niyya, dattawa masu natsuwa. Kuskurena na biyu, a kasuwa na gaya musu. Na uku, na gaya wa matata, ita kuma ta gaya wa matan da suke turara shinkafa tare. Mai molo, wanda ba ya magana, ranar ya samu baki ya sanar a bakin ruwa.

Ba wai ban yi tanadi ba. Ranar Talata na sami taubashina yana shan shayi a ƙofar gidansu, na tsaya a kansa.

"Ka ji ni da kyau. Rabin awa anka ba mu. Kiɗin ƙetara minti ashirin na. Gaisuwa minti biyat, ka gai da jama'a duka a dunƙule, ka yi shiru."

"Mushe, ni za ka koya ma aikina? Ka iske ni cikin lakwal ina koya ma ɗiyanka lissahi?"

"Rantse."

"Walle, biyat. Ko huɗu ma. Zamna ka sha shayi, bawana, jijiyar wuyanka ta tashi."

Wasan taubasai ke nan, ni bawansa, shi bawana, ba a fushi. Na zauna na sha shayin, na kuma yarda da rantsuwarsa, wanda shi ne kuskure na huɗu.

Ranar Laraba masu gurmin Karimama suka fara. Suka yi waƙa uku, suka gama har da sauran lokaci, saboda babu wanda suka sani a filin. Da ina da hankali, da a nan na gane, na tashi na rufe ƙofar makaranta. Ban rufe ba. Ina can ina duba ko an kawo wa Kawu ruwan ɗumi, ina taya shi gasa fatar goge a kan garwashi don ta ɗaure.

Da muka dawo daga sallar la'asar muka zauna a inuwar dogon yaro, mutum kamar talatin ne a kan tabarmi da bencin yara. Mutumin kudu ya jera makirfo, ɗaya a bakin goge, ɗaya a gaban taubashina, ya sa abin sauraro a kunne, ya ɗaga mana yatsa. Na kwance agogona na ajiye a ƙasa, daidai inda idon taubashina zai sauka.

Ya fara da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gai da jama'a a dunƙule, manya da ƙanana, na kusa da na nesa. Minti biyu. Har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Sai wani alhaji mai albasa ya shigo yana gyara babbar riga.

Na ga idon taubashina ya bi shi. Na yi gyaran murya. Ina! Ya riga ya kama sunan uban alhajin, ya kai shi garin Garu, ya dawo da shi, ya loda masa albasa a kamiyo, babbar motar kaya, ya aika Cotonou. Alhaji ya ɗaga hannu yana murmushi. Kafin ya zauna, ga mata shida sun shigo a jere, matata a gaba. Mutanen garinmu ba sa zuwa taro tare, ɗaiɗai suke ɗigowa kamar rufin da ke yoyo, kuma kowa ya shigo sai ya tsaya a ƙofa ya jira a gan shi. Taubashina ya gai da masu shinkafa da Dandanci, ya gai da wani mai gyaran moto, wato babur, da Zabarmanci, ya hango Fulanin Madécali biyu da suka zo sayar da nono suka tsaya kallo, ya juya Fulatancinsa na kasuwa ya gaishe su har da shanunsu. Kawu yana bin sa da goge, kowa da takensa, idonsa a lumshe, hankalinsa kwance.

Minti goma. Na nuna agogo da haɓa, bai duba ba. Na ce bari in ƙara saurin ƙwarya ko ya gane ana sauri. Ya ɗauka zafi kiɗa ya yi, ya miƙe tsaye. Mata suka rangaɗa guɗa. Na miƙa sanda na zungure shi a ƙafa, sai ya juyo ya nuna ni da hannu, ya sa ni cikin waƙa:

"Ga mushe can da agogo,
ya ƙirga rana, ya ƙirga wata,
bai ƙirga kunyar da za ya ba ni ba."

Fili ya kwashe da dariya, har matata. Mutumin kudu bai san me ake cewa ba, amma shi ma yana dariya yana kaɗa kai. Taubashina ya ga haka, ya ce ai baƙo ma yana da hakki, ya gaishe shi, ya gai da direbansa, ya gai da akwatunan. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, haushi ya turnuƙe ni har ba na ganin ƙwaryar da ke gabana.

A minti na ashirin da huɗu na yi abin da mai ƙwarya ba ya yi. Na ajiye sandunan. Kiɗa ya rame nan take, mai molo ya ɗago kai, taubashina ya yi tuntuɓe a tsakiyar sunan wani, ya dube ni, ya dubi agogo a karon farko, ya zauna. Minti shida suka rage. Na ce a raina ko farkon aka samu an rage asara.

Kawu ya matsa yatsunsa, ya goga ƙaro a izga, ya ja. Na manta da fushina. Kiɗan yana farawa ne a ƙasa, a hankali, kamar ana tura jirgi daga cikin laka, kuma ranar hannun bai yi masa gardama ba ko kaɗan. Tsofaffin masunta suka gyara zama. Mutumin kudu ya daina dariya, ya dafe abin sauraronsa da hannu biyu. Na ɗauki sanduna na shiga a hankali, idona ya kawo ruwa, ina godiya ga Allah a zuci.

Ba a yi minti ɗaya ba, moto ta tsaya a ƙofa. Sarkin ruwa ne, shugaban masunta, tsoho da sanda, ana riƙe shi yana saukowa. Na dubi taubashina, na girgiza masa kai, na haɗa hannu biyu da sandunan ina roƙonsa. Na ga ya cije leɓe, ya yi ƙoƙari, wannan na ba shi. Tsohon ya tako uku, ya tsaya yana jiran a gan shi. Taubashina ya zabura ya kwarara kirari a kan gogen ubansa. Abin da ya fi ƙona mini rai, tun kafin ya rufe baki Kawu da kansa ya karkata izga ya koma taken sarkin ruwa, kamar dama jira yake.

Suna cikin kakan sarkin na uku mutumin kudu ya cire abin sauraro.

Na bi shi har mota ina roƙo da duk Faransancin da na sani. Na ce minti ashirin kawai, na ce zan kori kowa, na ce zan rufe ƙofa. Ya nuna mini rana, ya ce hanya ba ta da kyau, gobe kuma wasu na jiransa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankali, a duk zagayensa bai ɗauki abu mai rai kamar namu ba. Ya ce zai dawo baɗi. Bai dawo ba.

Na koma na sami taubashina ana ta shafa masa kai. Na ja shi bayan aji.

"Ka rantse! Biyat ka ce!"

"Na rantse bisa waɗanda na iske zamne. Wa ya san gari duka za ya zaka?"

"Ka kashe kiɗin ubanka!"

"Mushe, wa ya gayyato su? Ni ko kai?"

Sai na ƙara ɗaga murya. Kawu ya zagayo yana naɗe gogensa a tsumma, ya tsaya har na gaji.

"Mushe, mutum ya taso tun Madécali bisa moto, da gwiwa mai ciwo, ya shigo hili, ka ce a yi awa ba a gane shi ba? Kiɗin ga na kakanninai na, su anka yi ma shi. Da ɗana ya ƙyale shi, ni da kaina zan aje goge."

"Kawu, hannunku fa?"

"Hannu na nan. In ruwa ya janye masunta za su yi taro, sai ka kirawo mutuminka."

Ruwa bai janye ba tukuna, da damina, Kawu ya faɗi wata safiya yana alwala. Ɓarinsa na hagu ya shanye. Ya yi shekara biyu a kwance, harshe ya yi nauyi, ko gunguni ba ya iya yi daidai, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na yi niyyar daina yi wa taubashina magana har abada, amma ba a gaba da taubashi. Kwana uku da yin rigimar ya shigo gidana ya cinye mini tuwo, yana tambayar ƙarfe nawa.

Mutumin kudu ya cika alkawari ɗaya, ya aiko mana da abin da ya ɗauka a ɗan katin waya, ta hannun wani direba. Na saurara sau ɗaya. Gogen ya fito tas, kamar Kawu na zaune kusa da kai, ƙasa da minti ɗaya, sai muryar ɗansa ta faɗo a kai. Na ba taubashina katin na ce ya je da tsiyarsa. Shi kuma ya kai wa masu tura waƙa a waya cikin kasuwa. Kafin wata biyu babu shagon da ba a sa shi, duk wanda aka gaisar yana so ya ji sunansa, 'ya'yansa na Parakou ma suna so. Ya haye Gaya, ya kai Kamba. Taubashina ya yi suna a kan abin da ya ɓata, har yara suna bi na a hanya suna rera mini mushe da agogo.

Bara aka gayyace ni ɗaurin auren 'yar wani abokin aikina a Gaya. Da yamma aka kawo masu kiɗa, cikinsu har da mai goge, magidanci ɗan shekara talatin da wani abu, hannunsa mai kyau. Ina cin shinkafa sai na ji ya ja izga a ƙasa, a hankali. Cokali ya tsaya mini a hannu. Kiɗan ƙetara ne, babu kuskure ko ɗaya, har da ɗan jinkirin da Kawu ke yi kafin ya hau. Na ce ashe akwai wanda ya koya ban sani ba. Na tashi tsaye.

Bai kai minti ɗaya ba, mawaƙinsu ya zabura ya kwarara kirarin sarkin ruwanmu, wanda ya daɗe da rasuwa, mai gogen kuma ya karkata zuwa takensa, daidai wurin, daidai yadda yake a katin. Na duba ƙofa, babu wanda ya shigo.

Da suka huta na same shi yana shan ruwa. Raina a ɓace yake, ban ko gaishe shi da kyau ba.

"Kai, ina ka samu kiɗin ga?"

"Cikin kart, baba. Na wani tsoho na Malanville. Na yi wata ukku ina biyar shi."

"To ba haka shi ke ba. Kirarin nan ba cikinai shi ke ba, katse shi anka yi. Kiɗin minti ashirin na, ko rabin rabi ba ka taɓa ba."

Bai yi gardama ba. Ya ajiye kofi, ya jawo gogensa, ya ɗora izga a kan tsirkiya, ya matso kusa da ni.

"Don Allah baba, ƙaƙa shi ka tahiya daga nan? Ku yi min da baki, ni kama."

Na buɗe baki. Shekara ashirin ina zaune a gefen Kawu ana wannan kiɗa. Na rera farkon, wanda shi ma ya sani, na iso inda aka katse, na tsaya. Na sake farawa, na sake tsayawa a wurin. Yatsuna suna ta buga gwiwata, sun san nasu har ƙarshe, ba su ɓata ko ɗaya ba, amma na gogen babu. Shi kuwa yana riƙe da izga yana kallon bakina, yana jira.